Ranar da Na Warkar da Ciwon Suga da Dawon Fura

Ba zan taɓa mantawa da darasin gwajin da na yi a wata sakandare a Isa ba. Na gama makaranta, na yi shekara biyu ina taya Baba noman gero, sai aka ce suna neman malamin bayoloji. Darasi ɗaya za a ba ni, shugaban makaranta na zaune a bayan aji. In ya gamsu, na samu aiki.

Aka ba ni rabuwar ƙwayoyin halitta. Don in burge, sai na biya kasuwa na sayi dawon fura (a lokacin ji nake babu mai dabarata a duk ƙasar Gobir). Na gutsura dawo gida biyu a gaban yara, na sake gutsura kowane, na ce haka ƙwaya ke zama biyu, biyu su zama huɗu. Suka zuba ido suna kallo, kaina kuwa ya fara kumbura.

Da na tsaya nan da na tsira. Amma sai na ɗauko misalin ƙwayoyin da ke yin insulin (sinadarin da ke rage suga a jini, wanda masu ciwon suga ke karɓa ta allura) a fankiriyas, 'yar tsokar nan da ke bayan tumbi. Na ce su ma kullum cikin rabuwa suke, don haka mai ciwon suga haƙuri kawai zai yi, sababbi za su maye gurbin waɗanda suka mutu. Ban karanta hakan a ko'ina ba, daɗin baki ne kawai ya ja ni.

Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu, fuskarta cike da murna.

"Malam, ke nan Innata tana iya barin allura? Wallahi ta gaji da ita. Yau za ni gaya mata."

Kafin in buɗe baki, shugaban, dattijo mai magana a hankali, ya miƙe.

"Ɗiyata, kak ki gaya mata komi. Ni ma allurar nan nika yi. Ƙwayoyin nan tun yarinta suka yawaita, in mutum ya girma da ƙyar suka ƙaruwa." Ya juyo gare ni. "Malam, ina kag ga wannan?"

Na ce a littafi. Ya tambayi wanne. Na tsaya ina kallon yatsuna da fura ta manne musu. Kunya ta kama ni, amma abin da ya fi damuna shi ne yadda murnar yarinyar ta gushe.

Na samu aikin, bisa sharaɗin in tsaya gaban ajin in ce ƙarya na yi. Kalmar da ya zaɓa ke nan, bai yarda da "kuskure" ba. Na tsaya na faɗa.

Tun daga ranar na koyi cewa "ban sani ba, sai na duba". Yanzu har da daɗi nake faɗinta, kuma babu uwar kowa da ta taɓa barin magani a dalilinta.