Ranar da Na Yi wa Mai Cin Kofi Salati

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Lahadi a Rano ba, don har yau idan na tuna sai na ja mayafi na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Lokacin ana maganar auren autata Walida da wani yaro ɗan Rano, wanda ya buɗe sabon wurin shan lemo da shawarma, mai kujerun laushi da talabijin kusan faɗin bango. Mahaifiyarsa Hajiya Binta ta daɗe a Legas, a can ta koyo son wasan tanis. Ita ta aiko in zo in sa wa wurin albarka, mu kuma kalli wasan ƙarshe na wata babbar gasa. Ba a tsayar da rana ba tukuna, ga raɗe-raɗin wasu danginsu na cewa me zai kai shi ɗauko 'yar garinmu Kibiya.

Walida ta rako ni har bakin mota tana roƙo: "Umma don Allah ki yi shiru kawai. In sun yi tafi ki yi tafi."

Bayan La'asar aka zaunar da mu a ɓangaren mata. Na sa ido. Turawa biyu, raga a tsakani, suna ta maka wa juna wata 'yar ƙwallo kamar lemon tsami. Kowane bugu sai ɗayan, wani siririn yaro, ya yi nishi irin na mai faskare. (Ni fa ko kaza aka yanka a gidana sai na kau da kai.) Tun a nan tausayinsa ya kama ni: ga rana, ga gumi, abincinsa ayaba ɗaya tal. Ina ta yi masa addu'a a zuci.

Can sai ya buga wata ƙwallo, ya saki abin bugun, ya zube rigingine warwas, hannuwa a baje. Haka maƙwabcinmu ya faɗi a gona da hawan jini, bai sake tashi ba. Wurin kuwa ya kaure da tafi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na rafka salati, na juya wajen maza na ce, "Ku ji tsoron Allah! Ɗan mutane ya faɗi kuna tafi? Ko ba addininku ɗaya ba ai rai ne. A kashe talabijin ɗin nan, uwarsa na can tana gani."

Kowa ya juyo yana kallona. Surukin nawa na gobe ya tsaya riƙe da faranti. A bayana kuma mamacin ya tashi garau, yana dariya yana ɗaga wa jama'a hannu. Ashe haka suke yi idan sun ci.

Na zauna a hankali, ina lissafin yadda zan gaya wa Walida na kashe mata aure. Hajiya Binta ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Na ce shi ke nan, kuka take don takaici. Da ta ɗago sai na ga dariya ce har da hawaye.

"Maman Walida," ta ce, "tun ina Legas nake kallon wasan nan, ban taɓa ganin wanda ya karɓi gaisuwar mai cin kofi ba sai yau. Ya haƙuri?"

Na ce, "Haƙuri sai ma'aiki, Hajiya," murya can ƙasa.

Ta dafa gwiwata. "Gidan da ake tausayin baƙon da ke cikin talabijin, nawa ɗan ba zai wulaƙanta ba. Ki gaya wa Malam maigidanki iyayen yaron maza na nan zuwa Juma'a."

A mota na yi ta hamdala har Kibiya. An yi biki lafiya, sai dai dangin ango har gobe Mai Ta'aziyya suke kirana. Yanzu duk wanda na ga ya faɗi, ina fara duba fuskokin mutanen wurin kafin in buɗe baki.