Yadda Za Ka Ɗora wa Masu Kutse Maganar da Ka Faɗa da Bakinka

Idan ka taɓa sakin magana a waya ta sauka inda ba nan ka aike ta ba, wannan jagora naka ne. Ana ba ka tabbaci cewa muddin ka bi matakan nan bi da bi, za ka fita da mutuncinka cikakke, har waɗanda ka ɓata wa rai su tako su yi maka jaje. An gwada hanyar a garin Jabo, a kan wani saurayi mai suna Rufa'i, wanda ya gama jami'a a Sakkwato, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo gida yana jiran aiki, yana kuma nazarin dalilin da ya sa ake jira. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara tara. Wan mahaifin nasa, Baffa Maccido, shi ya riƙe shi, ya sayar da bijimai biyu a kan karatunsa. Ka lura da wannan, domin gwargwadon alherin da aka yi maka, gwargwadon ƙaryar da za ka buƙata.

Mataki na 1: Ka faɗi gaskiya, amma ba a wurinta ba

Baffa Maccido ya haura saba'in, yanar ido ta fara rufe masa gani. Duk da haka, kowace ranar kasuwa sai ya hau babur ɗinsa ya nufi Tambuwal, a kan titin da manyan motoci ke bi. Babu wanda bai san halin da idon yake ciki ba, babu kuma wanda ya iya ɗaga kai ya faɗa masa. Matan gida su raka shi da addu'a, 'ya'yansa maza su ƙirƙiro uzuri su bi shi daga nesa.

Wata safiya Rufa'i ya zauna a bayan rumbu ya ɗauki saƙon murya domin taubashinsa Gazali, wanda suka saba zuba wa juna abin da ke ransu. Ya fara da kwaikwayon muryar Baffa, ya yi dariya, daga nan dariyar ta ƙare masa.

"Jiya da idona nig ga Baffa ya tsaya ya yi wa kututturen giginya sallama, har shina jiran amsa. Dut gidan ga matsorata na, har ni. Sai ran da anka kawo muna shi cikin tabarma kowa zai ce dama ya sani."

Sunan Gazali a wayar yana maƙwabtaka da zauren WhatsApp na dangi, mai mutum arba'in da uku. Sauran aikin babban yatsa ne ya yi.

Mataki na 2: Ka goge, amma a wurinka kaɗai

Waya za ta ba ka zaɓi biyu: ka goge wa kowa, ko ka goge a wurinka. Cikin gaggawa, ka danna na biyu. Saƙon zai ɓace daga idonka ya ci gaba da zama a idon duniya, kai kuma ka rasa hanyar kai masa hannu.

A nan ya kamata ka san wata ƙa'ida game da ajiyar na'ura, wadda ba a koyarwa a jami'a. Abin da kake so shi take zubarwa. Rufa'i yana da hoton mahaifinsa guda ɗaya tak, ya tafi tare da wata tsohuwar waya da ta daina kunnuwa. Kundin bincikensa na shekarar ƙarshe ya narke cikin kwamfutar aro. Amma saƙon minti ɗaya da daƙiƙa arba'in da ya yi wa Baffa ya isa har Fakku, wajen Gwaggo Yelwa, ƙanwar Baffa kuma mahaifiyar Gazali, wadda sai ta hau kan tudu ta ɗaga waya sama take samun sabis. Ranar nan tana tsakar gida tana tankaɗe ya shigo lafiya lau. Ita kuwa tun da ta fara riƙe waya ba ta taɓa goge komai ba. Idan memori ya cika, ta cire ta ƙulle a bakin zane ta sayi wani.

Mataki na 3: Ka yi shela kafin a tambaye ka

Kada ka jira kira. Ka rubuta sanarwa da harshen ofis, domin mutane suna jin nauyin ƙaryata abin da ya yi kama da takardar gwamnati. Rufa'i ya rubuta cewa yana baƙin cikin sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa wasu ɓata-gari sun yi wa wayarsa kutse, saboda haka duk abin da ya fito daga lambarsa a safiyar yau a yi watsi da shi. Ya karanta sau uku, ya gyara waƙafi, ya tura. A wannan karon ya duba sunan da kyau.

Mataki na 4: Idan an ce ai muryarka ce, ka ce ita aka sace

Wannan shi ne mataki mafi wuya, kuma a nan ne bijimai biyun za su yi amfani. Da la'asar Rufa'i ya je rumfar Ɗanmaliki mai cajin waya, inda ake yanke hukuncin duk wata magana a garin, ya zauna da fuskar wanda aka zalunta. Ya bayyana musu cewa yanzu akwai na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, wadda idan ta ji muryar mutum sau ɗaya za ta iya sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Wannan gaskiya ne, kuma ka kula: ƙarya mai inganci ana gina ta ne a kan tubalin gaskiya, kai dai ka canza mata adireshi.

Majalisa ta karɓa hannu biyu. Ɗanmaliki ya ce shi dama ya daɗe da sanin cewa duk maganar da aka yi a waya ana tara ta a wani ƙaton rumbu a ƙasar Turawa, kuma rumbu komai tsaronsa ba ya rasa ɓera. Wani dattijo ya ce shi ya ji a cikin gajimare ake ajiyewa, shi ya sa da damina sabis ke lalacewa. Wani ya ce ba sabon abu ba ne a rubuta maganar mutum a ajiye, tun fil azal ana yi, Turawa dai sun zo daga baya, kuma su ba su san gafara ba.

Gazali kaɗai ya ƙi ba da haɗin kai. Ya kunna saƙon a gaban jama'a, ya karkata kai yana sauraro kamar mai koyon karatu.

"Kai, ɓarawon ga ƙwararre na. Bai tsaya ga murya ba, har da tarin nan naka na safe ya sato. Ku ji, ga zakaran gidan Baffa nan ma shina cara. Shi ma an yi mai kutse?"

Idan haka ta faru da kai, ka girgiza kai ka ce abin da ya sa lamarin yake da ban tsoro ke nan. Kada ka dubi taubashinka. Ya riga ya sani, ba zai tona ba, amma ba zai taɓa barinka ka huta ba.

Mataki na 5: Ka jure wa nasara

Kwana biyu aka yi ana shigowa jaje. Wata tsohuwa ta kawo masa rubutun sha domin maƙogwaro, kada a sake zare masa murya. Samari suka riƙa canza lambar sirri, rabinsu suka manta sabuwar kafin magariba. Idan ya kira Gwaggo Yelwa sai ta ƙi amsa gaisuwa har sai ya faɗi sunan kakarsa ta wajen uwa da abin da ya karya masa haƙori yana yaro.

Rufa'i mutum ne mai yawan zama da kansa, kuma a irin wannan lokaci wannan ɗabi'a nakasa ce. Ya riƙa lura cewa kowa na tsine wa ɓarawon saboda rashin kunya, amma har yanzu babu wanda ya ce ɓarawon ya yi ƙarya. An yi maganar murya, an yi maganar waya, an yi maganar rumbun Turawa. Idon Baffa kaɗai ba a ambata ba. Baffa da kansa yana amsa gaisuwar safe kamar kullum, babur ɗinsa na jingine a zaure, ranar kasuwa kuma tana matsowa.

Mataki na 6: Ka nema wa mai laifin sassauci

A rana ta uku Gwaggo Yelwa ta aiko da hukuncinta daga Fakku. Tunda ba a san ɓarawon ba, kuma hukuma ba za ta iya kama wanda ba shi da fuska ba, sai a yi masa abin da ake yi wa ɓarawon da ba a gani ba: a tara malamai ranar Juma'a a ja masa Yasin. Ta ce ita za ta kawo gero da goro. Dangi suka yi ta turo amin.

Kada ka bari fuskarka ta canza. Ka tashi tsaye a matsayin mai ilimi ka yi magana a kan adalci. Rufa'i ya rubuta dogon bayani cewa masana sun gano yawancin masu kutse matasa ne marasa aikin yi, waɗanda ba mugunta ke ransu ba, zaman banza ne ya yi musu yawa. Ya ce mai yiwuwa ma wannan ɓarawon maraya ne. Ya ce wa ya sani ko a wannan sa'a yana can ya kasa cin abinci. Mutane suka yaba da kyawun zuciyarsa, suka ce karatu bai ɓata shi ba. Gazali ya rubuta a ƙasa cewa shi yana ganin a ƙara malamai biyu. Gwaggo ta ce tausayi abu ne mai kyau, amma ta riga ta sa an sussuka geron.

Mataki na 7: Idan dattijon ya kira ka, ka je

Ranar kasuwa da hantsi aka ce Baffa na kira. Rufa'i ya same shi a ƙofar zaure, ya riga ya fito da babur, ya naɗa rawani, ya zauna a kai, makulli a hannu. Rufa'i ya durƙusa ya gaishe shi. Baffa ya amsa yana duban gefen kafaɗarsa, inda yake zaton fuskar take.

Ya ce an kunna masa saƙon nan, kuma ya sa an maimaita. Ya ce shi bai san na'ura ba, bai san yadda ake satar murya ba, kuma ba zai yi jayayya da wanda ya je jami'a ba. Batun Yasin kuwa, a gidansa ba za a yi ba. Rufa'i ya buɗe baki zai yi godiya, Baffa ya riga shi.

"Abu guda nika son in tambaye ka, tunda kai munka kai makaranta. Bar batun wa yaf faɗi. Abin da anka faɗi, gaskiya na ko ƙarya?"

A nan jagora zai ba ka shawarar da ta dace da duk abin da ka gina: ka ce ƙarya ce, sharrin na'ura ne. Kalma ɗaya ce, kuma da ita ginin zai tsaya har abada. Rufa'i ya san haka. Ya kuma san cewa da ya faɗe ta Baffa zai murɗa makulli. Daga inda yake durƙushe yana jin ƙugin wata tirela a kan titi, tana sauka da nauyinta ba ta rage gudu ba. Ya jira har ta wuce.

"Gaskiya na, Baffa."

Baffa ya juya makullin a tafin hannu.

"Baffa, kuma saƙon nan, ni na..."

"Ban tambaye ka wannan ba."

Dattijon ya dafa tankin babur, ya ja jikinsa baya a hankali har ya koma mazaunin fasinja, ya tattara babbar rigarsa a cinya. Ya miƙa makullin cikin iska, ɗan nesa da inda hannun Rufa'i yake, Rufa'i ya matsa ya karɓa. Baffa ya ce ya tafi sannu, kuma ya riƙa faɗa masa duk wanda za su wuce tun daga nesa, domin ya san wanda zai ɗaga wa hannu. Ya ce idan sun gama da kasuwa su tambaya ranar da likitan ido ke zama. Da suka hau titi ya ƙara da cewa, idan har an taɓa gano yaron nan mai kutse, a gaya masa kwaikwayon muryar bai yi kama ba ko kaɗan.

Sanarwa

An yi alkawarin za ka fita da mutuncinka, ba a ce ta hanyar da ka tsara ba. Mai wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari direba marar albashi, ko taubashinsa ya samu abin zolayarsa har tsufa. Haka kuma ba ya ɗaukar alhakin abin da zai biyo baya daga ɓangaren gwaggonni. Baffa ya hana Yasin a gidansa ne, ikonsa bai kai Fakku ba, kuma Gwaggo Yelwa ta aiko cewa malamanta sun amsa, Juma'a na nan yadda take. Wanda abin ya shafa yana da sauran kwanaki kaɗan. Ya tafi da ƙafarsa ya durƙusa a gabanta, domin ta ce ita ta daina yarda da duk abin da ta ji a waya.