Ranar da Eriyata Ta Kamo Ni

Ba zan taɓa mantawa da ranar Lahadin da na tara dattawan unguwarmu Treichville a ɗakina don su kalli Kano ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Lokacin ni ne ɗan bokon unguwa. Aji huɗu na yi a firamare kafin in biyo motar goro zuwa Abidjan, amma aji huɗun da, ba irin na yanzu ba. Ni ke karanta wa mutane wasiƙa, ni ke canja batirin rediyo. Da na taɓa gyara fankar wani maƙwabci (mari ɗaya na yi mata ta tashi), sai aka fara kirana Injiniya. Ban musa ba, don ba na son jayayya da jama'a.

Mutum ɗaya ne bai yarda da wannan suna ba, wato Mudi mahauci, Bazazzagi, abokin wasana tun zuwanmu ƙasar. A majalisar da muke zama bayan masallaci ya ce in ni injiniyan gaske ne, in sa talabijin ɗina ya yi Hausa mana, mun gaji da Faransanci. Na ce ya ba ni sati biyu. Ya ce in na kasa, daga ranar sunana Mai Mari.

Washegari na tsallaka zuwa kasuwar Adjamé, na sauka wajen da ake kira Roxy, na zaɓi eriya mafi yawan haƙarƙari a rumfar wani Bajule, cikin 'yan kasuwar ƙasar. Na tambaye shi ko za ta kamo Najeriya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Vieux," wato tsoho, "wannan ko Gana sai in iska ta ga dama." Na yi masa murmushin tausayi. Mai sayarwa ne kawai, ina ya san ilimin abin.

Ga ilimin. Duk wanda ya zo daga gida ya san Kano tana gabas da mu, ta ɗan karkata arewa. Alƙibla ma haka take. Ke nan ba sai na nemi taswira ba, in na daidaita eriya da sahun masallaci, dole ta bi ta kan Kano kafin ta wuce. Na ɗaure ta a kan doguwar gora, na hau rufin kwano da shekaruna, na fuskanci inda liman ke fuskanta. Matata Hajara tana ƙasa tana kallon akwatin, tana gaya mini ta taga cewa har yanzu yayyafi ne kawai a fuskar talabijin. Na murɗa kaɗan. Sai na ji ta ce in tsaya, ga wani mutum da hula yana magana.

Na sauko na leƙa akwatin. Wallahi mutum ne da zanna bukar, yana karanta labarai da Hausar Kano tsantsa. Har na share hawaye (na ce wa Hajara tsatsar rufi ce ta faɗa mini a ido).

Gaskiya akwai 'yan abubuwan da ya kamata su sa mai hankali ya tsaya. Na farko, tashar ba ta zuwa sai bayan la'asar. Na bayyana wa majalisa cewa da rana zafi ke narkar da hoto a hanya. Na biyu, mai labaran yana ta yi wa jama'a barka da Sallah, alhali mun cinye naman layya wata uku da suka wuce. Wannan ma na warware shi. Na ce su tuna iyaka nawa ce tsakaninmu da gida, mota ma kwana nawa take yi, balle hoto da ba shi da takarda. Na uku, wani lokaci mutanen cikin akwatin sukan koma da baya da gudu. Na ce iskar teku ce ke turo su. Kowa ya gyaɗa kai ban da Mudi, wanda ya ce shi sai ya gani da idonsa.

Saboda haka na gayyace su ranar Lahadi. Hajara ta dafa shayi, na aro kujeru. Alhaji Tanko, babban dillalin shanu da ko gaisuwa ba ya amsawa sau biyu, ya zo da kansa ya zauna a gaba. Na yi ɗan jawabi kan yadda hoto ke tafiya a sararin sama, sannan na kunna.

Sai ga rumfa da fararen kujeru, ga mata da anko, ga maroƙi. Na ce to, yau biki suke nuna mana, ku ga yadda ake suna a gida. Alhaji Tanko ya matso da fuska ya ce wannan titin kamar ya san shi. Na ce ai titunan Kano duk kamarsu ɗaya. Wani ya ce amma ga mai sayar da acheke, abincin rogon nan na Abidjan, can a gefe. Na ce ci gaba ne, acheke ya isa ko'ina.

Daga nan mai ɗaukar hoton ya juya kan wani dattijo mai shuɗiyar babbar riga, zaune kusa da tiren gasasshen nama. Dattijon ya duba dama, ya duba hagu. Ya zaro hankici, ya shimfiɗa a cinya, ya ɗebi tsoka huɗu manya, ya ƙulle, ya zura a aljihu. Sannan ya ɗaga hannu yana amsa addu'a da ƙarfi fiye da kowa.

Rigar tana jikina a wannan lokacin. Ita na saka don tarbar baƙi.

Bikin sunan jikan Hajiya Balaraba ne, mai sayar da atamfa, wadda benenta ke gabas da gidanmu daidai saitin alƙibla. Mudi ne ya gasa naman ranar, kuma da ya yi ƙorafin bai isa ba, ni na fi kowa cewa mutanen yanzu ba su da kunya.

Sai dattijon cikin akwatin ya koma da baya da gudu, ya fito da naman daga aljihu, ya mayar a tire, ya sake ɗauka. Sau uku. A karo na ukun muka ji shewar mata tana saukowa daga tagar benen Hajiya.

Mudi ya kurɓi shayi ya ce, "Injiniya, yau iskar tekun da ƙarfi take." Alhaji Tanko, wanda ban taɓa ganin haƙorinsa ba, sai da aka riƙe shi kada ya faɗo daga kujera.

Ashe Hajiya tana da bidiyo a sama, da wata 'yar na'ura mai ƙaho biyu da ke tura hoton zuwa talabijin ɗin shagonta a ƙasa ba tare da waya ba. Direbobi ke kawo mata kaset ɗin shirye-shiryen gida, in ta dawo kasuwa da yamma ta saka. Eriyata mai haƙarƙari goma sha biyu, da na ce ta ƙetare ƙasa huɗu, titi ɗaya ta tsallaka.

Da baƙi suka watse na tambayi Hajara ko ta san wannan magana. Ta ce, "Tun satin farko, Malam. Wanda ya yi mini daɗi ma aikawa nake a sake saka mana. Na ga kana murna ne, na ce a bar ka."

Sunan Mai Mari bai kama ni ba, Mudi ya samo wanda ya fi shi. Har yau in na shiga taro a Treichville sai wani ya ce a matsar da tire, Injiniyan Aljihu ya iso. Ni kuwa na ɗauki darasi. Kafin mutum ya hau rufi neman abin da ke Kano, ya fara leƙa abin da ke tagar maƙwabta. Kuma in za ka wajen suna, ka duba dama, ka duba hagu, sannan ka duba gabanka, don nan mai ɗaukar hoto yake tsayawa.