Ranar da Na Yi wa Mikisa Jere

Ni da aka sani da jeren ɗakin amarya tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni, wai wata na'ura ce za ta gagare ni?

Jikata Ummi ce ta zo daga Abuja da laftof da mikisa, wani faranti mai maɓallai, don ta naɗi waƙar niƙa ta kakata, wadda ni kaɗai na rage da ita. Ta haɗa wayoyi, ta saita komai, ta tafi alwala.

Na dubi maɓallan nan, wani sama wani ƙasa, kamar haƙoran tsohon jaki. Na ce ba a ɗakina ba. Na jawo su duka ƙasa, na jera su reras.

Da ta dawo za ta leƙa gilashin laftof ɗin, na ce, "Ni za ki kalla, ba gilashi ba."

Na rera har muryata ta dishe, maƙwabciyata Hajiya Lami har da hawaye. Aka kunna, shiru. Ga direban Ummi yana hon a waje.

Ummi ta dubi mikisa ta ce, "Inna, wa ya taɓa nan?"

Na ce, "Amma ai ya yi kyau."

Har yau, in janareton maƙwabta ya ishe mu, sai Hajiya Lami ta ɗaga murya ta katanga: "Injiniya, a taimaka a yi masa jere."