Zarton Na-Iya da Ƙofar Banɗakin Surukinsa

"In dai ƙarfe ne, ko ya shekara a kabari ni zan tashe shi!" in ji Na-Iya, yana bugun ƙirji, ranar da ya jawo wani tsohon injin zarto daga bayan shagon kafinta. Mai karatu, ka san irinmu: mu ɗaura ƙwan fitila sau ɗaya, unguwa ba ta ƙara hutawa ba.

Injin mai dogon hannun ƙarfe ne, zarton yana rataye a jikinsa, ana jawo shi ya ratsa katako. Gogan naka ya kankare tsatsa, ya zuba mai, ya ɗaure notuna. Saura daidaita hannun ya miƙe sak. Ba shi da sikwaya, wato ma'aunin kusurwa, girman kai kuma ya hana shi aro, sai ya yanki katako ya haɗa tasa. Da ya auna, ta zauna daram.

Ana haka surukinsa ya yi ƙorafin ƙofar banɗakinsa tana gogar ƙasa.

"Baba, kada ka kira kowa. Kaurin ɗan yatsa kawai zan rage."

"Yaro, tana rufuwa fa."

"Za ta rufu da ladabi, Baba."

Ya ciro ƙofar ya kai gida. Hannun injin bai kai faɗin ƙofar ba, don haka ya yanka rabi, ya juya ta, ya yanka sauran. Yankan biyu suka ƙi haɗuwa, kamar 'yan'uwa a wajen rabon gado. Ya ɗora sikwaya: daidai! Ya ƙara yanka don ya gyara. Ya ƙara. Gumi ya karyo masa.

Matarsa ta leƙo. "Maigida, ƙofar Babana ce wannan ko taga?"

"Katakon ne karkatacce. Ga sikwaya ta shaida."

"Ita sikwayar, da me ka yanka ta?"

Na-Iya ya dubi zarton, ya dubi sikwayar. Ashe ɓarawo ne ya kawo ɗansa shaida.

Haka ya mayar da abin da ya rage, ya kafa, yana sunkuyar da kai. Tsohon ya shiga domin gwaji, ya rufe, ya tsaya. Daga tsakar gida ana hango shi har gwiwa, jikoki suna ta dariya.

"Ba ta gogar ƙasa, Baba," in ji Na-Iya da siririyar murya.

"Ta daina," in ji tsohon daga ciki. "To cire babbar rigar nan taka ka zo ka tsaya nan ka tare, yau kai ne sauran ƙofar. Kuma ka sani, ni mutum ne mai daɗewa."