Rasuwar Kwamfutar da Na Ɗora wa Laifina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, ni malamin lissafi nake sanar da rasuwar kwamfutata, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, muna tsakiyar darasi da ɗalibai ta intanet.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Shekara uku tana ɗaukar laifin da ba nata ba. Ranar da na yi minti arba'in ina koyarwa ba a jin muryata, ita na ɗora wa, alhali ni ne ban san maɓallin da ake dannawa ba. Yarinyar da na ba sifili don wai ba ta turo aiki ba, ashe ta turo har sau biyu. Ban san inda ake buɗewa ba ne. Autata ta sha cewa in zauna ta koya mini yadda ake ajiye kwafin aiki a wani wuri. Na ce ba a haifi ɗan da zai koya mini karatu ba.

Ta daɗe tana jinya. Takan yi "fuuu" a bisa matashin kan da nake ɗora ta, jikinta zafi rau. Kullum sai ta yi "ƙit" ta nuna gargaɗi, in rufe ban karanta ba. Ajalinta kofin shayi ne, kuma gwiwar hannuna ce ta ture shi. Na gaya wa shugaban makaranta tsufa ne ya kashe ta. Mai gyara ya buɗe cikinta a gabansa, ya nuna masa sukari.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin roba, da linzamin kwamfuta, da jaka, da ɗalibai sittin da uku waɗanda makinsu na zango guda ya bi ta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a ƙarƙashin teburin mai gyara, inda 'yan uwanta suke kwance. Ba zaman makoki. Ranar Litinin zan shiga aji da wayar matata in faɗa wa ɗalibai gaskiya. Wanda ya san yadda ake shiga ta waya, don Allah ya biyo ta gida kafin ƙarfe takwas.