Dutsen Malam da Ya Faɗo Daga Sama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga makarantar marigayi maigidana da dutse naɗe a cikin sabon ɗankwali ba. Malam, Allah Ya jiƙansa, labarin ƙasa ya koyar a wata sakandare a nan Azare har ƙarshen rayuwarsa. Kowane aji ya shiga sai ya gaya musu yana da dutsen da ya faɗo daga sama, wanda wani manomi ya tsinta a gonarsa wajen Dambam ya ba shi. Kullum yana cewa zai kai musu su gani, ciwo bai bar shi ba. Yara kuwa har sun fara cewa tatsuniya ce.

Bayan na fita takaba, abokin aikinsa Malam Bukar ya zo gaisuwa, ya roƙi in kai dutsen ranar taron ɗalibai, a wanke Malam daga bakin yara. Na amsa da sauri kamar na san dutsen. (Gaskiya idan Malam ya fara zancen duwatsun sama, ni hankalina yana kan miya.) Abin da na riƙe kawai shi ne hoton farin wata da ya taɓa nuna mini, duk ramuka, yana cewa wata ba shi da iskar da za ta tare masa duwatsu, shi ya sa suka yi masa kaca-kaca. Da na duba ɗakinsa na ga wani dutse mai huji-huji a ƙarƙashin gado, sai na ce ai ga shi, har kama suke da watan.

Yaya Asabe, yayar Malam, ta zo daga Shira ta raka ni. Na hana ta buɗe ɗankwalin a hanya, wai kada ya lalace.

Aka zaunar da mu a gaba. Malam Bukar ya yi bayani mai daɗi: cewa akwai ɓaraguzan duwatsu da ke yawo tsakanin wasu duniyoyi biyu (sunayen sun shige mini), ragowar abin da bai haɗu ya zama duniya ba. In ɗaya ya kutso cikin iskar duniyarmu sai bayansa ya ƙone ya yi baƙi. Ya ce yawancinsu akwai ƙarfe a ciki, don haka suna da nauyi, kuma maganaɗisu yana kama su. Da na ji maganar nauyi gabana ya faɗi, don abin da ke cinyata bai fi ƙosai biyu ba.

Na kwance ɗankwalin a hankali. Malam Bukar ya kara maganaɗisu a jikin dutsen, maganaɗisun ya faɗo. Ya juya dutsen ya sake karawa, ya sake faɗowa. Na ji wata yarinya a baya tana cewa daman sun faɗa. Wannan ce ta fi yi mini zafi, don ba ni ake ƙaryatawa ba.

Sai Yaya Asabe ta gyara tabarau ta leƙo. "Ke Hauwa, wannan ai dutsen goge kaushin Malam ne. Ni na kawo masa."

Dariyar da aka yi har maigadi sai da ya leƙo ta taga. Malam Bukar yana ta danne tasa, ya tambaye ni a hankali ko babu wani baƙi mai santsi, ƙarami amma mai nauyin gaske. Na san shi sarai. Shekara da shekaru da shi nake danne murfin tukunyar dambu, don babu dutsen da ya kai shi riƙe tururi.

Na hau acaɓa na koma gida, na ɗauko shi daga madafa ko wankewa ban tsaya yi ba. Yana ƙamshin zogale da man gyaɗa na miƙa shi. Malam Bukar ya kara maganaɗisun, ya manne, ya ɗaga hannu bai faɗo ba. Yara suka yi ta turereniya kowa yana son ya taɓa. Yarinyar nan ta baya ita ta fi kowa daɗewa da shi a hannu. Na sunkuyar da kai na share idona da ɗankwalin.

A hanyar gida Yaya Asabe ta gaya mini Malam ya sani tun tuni. Wai ta taɓa yi masa magana, ya ce ta ƙyale ni, dutsen da ya ratso wutar sama tururin dambu ba zai yi masa komai ba, kuma dambun ya fi daɗi.

Dutsen yana makaranta yanzu a cikin akwatin gilashi. Dambuna kuwa bai sake yin yadda yake ba. Shawarata ga matan malamai ita ce, in maigida ya fara bayanin aikinsa, a sauke miyar a saurara, ko da rabi ne.